Yadda malami zai fita da darasin kimiyya waje a Zariya

Makarantu da dama a cikin birnin Zariya, Tudun Wada, Sabon Gari da ƙauyukan kewaye ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Inda ma akwai, sau da yawa a kulle yake, kwalaben ciki sun sha ƙura. Sai malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su juye. Yaro zai jero maka nau'o'in ƙasa uku da Turanci ba gargada, amma ka damƙa masa ƙasar fadama a hannu ka ce wacce ce wannan, sai ya yi zuru. Abin yana ci mini rai, domin a garin nan aka kafa tashar binciken noma ta Samaru tun 1922, a nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika. Garin da ke cike da masu bincike bai kamata yaransa su gama ƙaramar sakandare ba su taɓa auna komai da hannunsu ba.

Abin da nake son malamai 'yan'uwana, maza da mata, su riƙe shi ne: kimiyyar da yaro ɗan aji huɗu na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare yake buƙata, yawancinta awo ne, da rubuta abin da aka gani, da maimaitawa har a ga yadda abu ke sauyawa. Duk wannan yana yiwuwa a harabar makaranta. Fita ta minti 35 kowane mako ta fi tafiya guda ɗaya a shekara cikin bas, wadda yara ke dawowa daga ita da hotuna da gajiya kawai.

Ka fara kai kaɗai

Kafin ka faɗa wa kowa, ɗauki manhajar zangon karatun da kake ciki da biro, ka zaga makarantarka bayan an tashi. Rubuta kowace bishiya da sunanta na Hausa: darbejiya, mangwaro, tsamiya, ɗorawa, rimi in kana cikin birni. Duba inda ruwa ke kwanciya da damina, inda ƙasa ta zaizaye a gindin katanga, inda akwai suri, inda rana ke faɗi tun safe har yamma ba inuwar gini. Sannan ka zauna ka haɗa kowane darasi da wuri guda. Darasin ƙasa ya tafi bayan aji, darasin haske da inuwa ya tafi fili, darasin tsirrai ya tafi gindin bishiya. Abin da bai samu wuri ba ka bar shi a kan allo, ba dole ne komai ya fita waje ba.

Ƙa'ida ɗaya ba ta da sassauci: kada ka sa yara gwajin da kai ba ka yi shi da hannunka ba. A nan ne za ka gano cewa kwalbar tana yoyo, ko iska tana kayar da sandar, ko aikin da ka ɗauka na minti goma yana cin rabin awa.

Daga nan sai ofishin hedimasta. Kada ka je da dogon bayani a kan sabbin dabarun koyarwa, je da takarda guda mai nuna rana, darasi, wuri da lokacin dawowa aji. "Ranka ya daɗe, Laraba darasi na uku zan kai 'yan aji biyar bayan ofis su auna inuwa, ga shi a manhaja, mako na huɗu." Hedimastan da ya ga lambar mako a manhaja ba ya cewa wasa kake. Iyaye kuma a sanar da su a taron iyaye da malamai, don kada yaro ya koma gida da ƙasa a riga a ce malam ya mayar da su 'yan aikin gona.

Kayan aiki da tsarin yara

Kwali guda ya isa ya ɗauke kayan shekara: tef ɗin tela huɗu ko biyar, rula, zaren buhu, ƙusoshi, robobin ruwa da aka shanye, farar leda mai nuna ciki, kwalabe masu faɗin baki, alli da cokali. Abu biyu ne kawai za a saya da ɗan tsada, ma'aunin zafi da gilashin ƙara girman abu. In kwamitin kula da makaranta zai taimaka da wani abu, waɗannan za ka roƙa.

Babbar matsala ita ce yawan yara. Ajin da ya haura 70 in ka sake shi fili haka nan, ka gama darasi. Tun a cikin aji za ka raba su rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas, kowa da aikinsa: mai awo, mai duba awon, mai rubutu, mai zane, mai kula da kaya, mai ba da rahoto. A riƙa juya ayyukan kowane mako. Ka sa ido sosai a nan, domin in ka kawar da kai, maza za su kwashe tef da rula, a bar wa 'yan mata biro. Tambayar ranar a rubuta ta a allo kafin a fita, kowane yaro ya rubuta abin da yake zaton zai faru. Minti biyar na shiri, ashirin a waje, goma na dawowa a tattauna. Waɗannan goman na ƙarshe kada a taɓa cinye su, a cikinsu ne abin da aka gani yake zama ilimi.

A waje ka yi magana da harshen da yara suke tunani da shi. Bayan sun gani, sun fahimta, sai ka ba su kalmar Turanci su rubuta a gefe, tunda da ita za su haɗu a jarrabawa.

Sandar inuwa

Da za a ce in zaɓi aiki ɗaya tak, wannan zan zaɓa, domin ba ya cin ko kwabo kuma yana aiki shekara duka. Samu sanda miƙaƙƙiya, kafa ta a wuri shimfiɗaɗɗe yadda abin da ya fito saman ƙasa zai zama mita ɗaya cif. Ɗaura ɗan dutse a zare ka saki a gefenta, yadda magina ke yi, don ka tabbatar ba ta karkace ba. In da hali a zuba ɗan siminti a gindinta, saboda in ta motsa lissafin watanni ya lalace.

Ranar farko, daga ƙarfe 11:45 zuwa 1:15, kowane minti goma yaro biyu su fita su kafa ƙusa a daidai ƙarshen inuwar, su auna tsawonta, su rubuta lokaci. Ba sai ajin duka ya tsaya a rana ba. Da aka jera lambobin a allo, za a ga inuwa tana raguwa, ta kai wani matsayi, sannan ta fara ƙaruwa. Wannan matsayi shi ne zawali, kuma layin da ya tashi daga gindin sanda zuwa ƙusar inuwa mafi gajarta shi ne layin arewa da kudu na haƙiƙa. A ja shi da fenti.

Yara za su lura cewa zawali bai faɗo a ƙarfe 12 ba, kuma tambaya mai kyau za ta fito daga bakinsu. Amsar ita ce agogon Najeriya an saita shi ne da layin digiri 15 gabas, Zariya kuwa tana tsakanin digiri 7 da 8. Rana tana ɗaukar minti 4 kafin ta ƙetare kowane digiri, don haka tana iso mana a makare da kusan rabin awa. Ban da wannan, lokacin yana ɗan motsawa cikin shekara saboda karkatar duniya da yanayin zagayenta: a farkon Nuwamba zawali yana zuwa wajen 12:13, a tsakiyar Fabrairu kuma wajen 12:43. Yaran da ke zuwa Islamiyya sun riga sun karanta cewa azahar tana shiga bayan zawali, la'asar kuma in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Bar su su auna wannan da kansu, su kwatanta da kiran salla na masallacin unguwa.

Bayan haka, sau ɗaya a mako ake auna inuwar zawali kawai. Zariya tana wajen digiri 11 arewa, saboda haka ga abin da ya kamata ka samu in sandarka tana tsaye daidai: wajen 23 ga Satumba kimanin santimita 20 ta fuskar arewa, farkon Nuwamba kusan 49, dab da hutun Disamba kusan 69, sannan ta fara janyewa har ta koma 20 wajen 21 ga Maris. Wajen 19 ga Afrilu inuwar takan ɓace a gindin sanda, rana tana tsakar ka sosai. Daga nan sai ta ɓullo ta kudu, ta kai kimanin santimita 22 wajen 21 ga Yuni, ta dawo ta sake ɓacewa wajen 24 ga Agusta. Ranakun ɓacewar nan biyu sau da yawa suna faɗowa cikin hutu, don haka ka ba da su aikin gida: a tsayar da gwangwani ko galan a tsakar gida wajen 12:30 a duba. In lambobin yara sun kauce da santimita biyu ko uku, kada ka goge ka rubuta "daidai". Tambaye su me zai iya jawo bambancin. Wani zai ce sandar ta karkata, wata ta ce ƙarshen inuwar ba ya fita sosai saboda hazo. Wannan musun da suke yi, shi ne darasin.

Da sandar nan kuma ake auna tsayin bishiya ba tare da an hau ba. In inuwar sanda ta mita ɗaya ta kai santimita 80, inuwar darbejiya kuma a daidai lokacin ta kai mita 12, to tsayinta mita 15 ke nan. Ka gayyato malamin lissafi ranar.

Abin da kowane yanayi yake bayarwa

Damina ta fi kowane lokaci arziki, kuma zango na uku da farkon zango na ɗaya suna cikinta. Fara da ma'aunin ruwan sama. A samu robar ruwa babba wadda jikinta yake a miƙe, a yanke ta a inda kafaɗa ta ƙare, a kifa saman a ciki ya zama mazurari. Gindin roba ba shimfiɗaɗɗe ba ne, don haka a zuba siminti har inda jikin ya miƙe, a bari ya bushe, a manna rula sifilinta a kan simintin. A ɗaure ta a turke a fili, nesa da gini ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Kullum ƙarfe takwas na safe a karanta, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ka sa su auna rufin ajinsu: in mita 9 ne da 7, ruwan milimita 20 ya zubo lita 1,260 a kansa a dare guda. A unguwar da ake sayen ruwa a jarka, yara ba sa manta wannan lissafi. Zariya tana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne ya fi ruwa, lokacin ana hutu. Ka zaɓi yara biyu da ke kusa da makaranta, ko ka roƙi mai gadi, don kada littafin ya yi giɓi a watan da ya fi muhimmanci.

Sai gona. Nemi manomin da ke maƙwabtaka da makaranta, ka je masa da kanka: "Baba, don Allah a ba mu gindin wake biyu da na gyaɗa biyu, yara za su duba saiwa." A haƙo da fartanya, kada a fizge, a wanke a bokiti a hankali. A jikin saiwar za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle sun manne. Yaro ya fasa ɗaya da farce: in cikin ya yi ja-ja, ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki suna aiki, suna kamo naitirojin, wani sinadarin da shuka ke buƙata don girma, daga iska suna ba shukar. In fari ne ko kore, ba sa aiki. A haƙo masara a duba, babu ko ɗaya. Daga nan ka bar Baban ya yi magana, ya faɗi dalilin da ya sa yake haɗa dawa da wake, ko yake bin gyaɗa da masara. In akwai wuta-wuta a gonar, a tona a ga yadda saiwarta ta kama saiwar dawa tana tsotsa.

Ƙasa kuma a gwada ta a kwalba. Kashi ɗaya cikin uku ƙasa, a cika da ruwa, a sa ɗan garin sabulu, a girgiza sosai. Cikin minti ɗaya yashi ya kwanta, a yi alama. Bayan awa biyu ƙasa mai laushi ta kwanta, a sake alama. Yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Rukuni ɗaya ya kawo ƙasar jigawa, wani ta fadama, wani ta suri, a jera kwalaben a taga. A ranar ma za a iya cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya tsirara ɗaya da ciyawarta, a jingine su, a zuba musu ruwa daidai wa daida, a tari abin da ya gangaro.

Tsutsar sauro takan kasance a tsohuwar tayar da ruwa ya kwanta a ciki. A ɗebo a kwalba, a rufe da yankin gidan sauro, a duba kullum har ta zama sauro. Wadda ke kwance a miƙe a saman ruwa ita ce ta sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, mai rataye kai ƙasa wani jinsi ne. Bayan an gama a kashe su, a kifar da tayoyin.

Da hunturu aiki ya fi sauƙi. A shafa man basilin a farin kwali uku, a rataye ɗaya ta bakin titi, ɗaya a aji, ɗaya a bayan bishiyoyi, bayan kwana uku a duba da gilashi. Mafi yawan ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, sai a nemo wurin a taswira. A zuba ruwa a randa da bokitin roba a inuwa ɗaya, a auna zafinsu da azahar. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bin iska, yana tafiya da zafi, kuma iya bushewar iska iya sanyin. Da wannan hikima ce Muhammad Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A maimaita gwajin randa da bokiti a Yuli a ga ko bambancin yana nan. In akwai gawo a kusa, a sa masa ido: yana kore shar da rani, yana zubar da ganye da damina.

Da bazara, kafin shuka, a yi gwajin iri. Ƙwaya 100 na masara, layi goma-goma a kan jiƙaƙƙen tawul, a naɗe, a riƙa yayyafa ruwa, bayan mako a ƙirga waɗanda suka tsiro. Adadin shi ne kashi cikin ɗari kai tsaye, kuma sakamako ne da uba zai yi amfani da shi. Irin da aka shafa wa magani mai launi guba ne, kada ya shiga hannun yara.

Ranar da rana ta yi yawa ko ruwa ya hana fita, ga zoɓo. A jiƙa shi a ruwan zafi ba sukari, a tace, a raba a kofuna masu nuna ciki. A ɗiga lemun tsami a ɗaya, ja zai ƙara haske. A ɗiga ruwan kanwa a wani, nan take sai ya yi duhu ya juya wajen kore, kuma a nan ne za ka ji ajin ya ɗauki "Kai!" baki ɗaya. A gwada tsamiya, ruwan toka, sabulu, ruwan rijiya, a jera su daga masu asid, wato 'yan ɓangaren lemun tsami, zuwa 'yan ɓangaren kanwa. Sannan a ɗiga lemun a kan koren a hankali har ja ya dawo. Ba a ɗanɗana komai, ka faɗa ka nanata.

Fita wajen katanga

Sai yara sun saba da awo da rubutu a gida, aƙalla zango guda, sannan a yi maganar tafiya. Dutsen Kufena ya fi dacewa da sanyin safiya tsakanin Nuwamba da Janairu. Ka je kai da wani malami mako guda kafin ranar, ku gaida mai unguwa, ku tambayi halin tsaro a bakin mutanen wurin, ku zaɓi inda za a tsaya. In an ce a dakata, a dakata. Kowane yaro da takardar izinin iyaye, babba ɗaya ga yara goma zuwa sha biyar, da malama in akwai 'yan mata, ruwan sha, takalmi rufaffe, da mota a tsaye. Ba a ɗaga dutse da hannu ko sa hannu a rami, saboda kunama da maciji. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurewa tamau: a hana yaron motsi a kai shi asibiti.

Ba sai an hau ƙololuwa ba. A gindin dutsen ma akwai aiki: a duba da gilashi a ga ƙwayoyi iri-iri da suka haɗu suka yi dutsen, masu ƙyalli, masu fari-fari da baƙaƙe masu walƙiya. A ga inda fuskarsa ke ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa, da inda saiwa ta shiga tsaga tana buɗa ta. A ɗebi yashin gindin a kwatanta da ƙwayoyin dutsen, yara da kansu za su faɗi daga ina ƙasa take fitowa. Wurin yana da tsohon tarihi a Zazzau, don haka ka tafi da malamin tarihi ku raba lokaci.

Bakin kogin Kubanni ko na Galma yana nuna zaizayar ƙasa da noman rani, amma yara ba sa shiga ruwa ko kaɗan, saboda nutsewa da tsargiya. Babba ne zai ɗebo ruwa da guga.

Cibiyoyin bincike kuwa wasiƙa suke so, da hatimin makaranta, mako uku kafin ranar, mai faɗin yawan yara, ajinsu da ainihin abin da kuke son gani. A cibiyar binciken noma ta Samaru, wato IAR, inda aka fitar da irin masara na SAMMAZ, wake na SAMPEA da gyaɗa na SAMNUT, roƙi a nuna muku tashar auna yanayi, ku je da littafinku na ruwan sama ku kwatanta. A cibiyar binciken dabbobi ta Shika, wato NAPRI, aka samar da kazar Shika Brown. Kowane rukuni ya je da tambaya uku a rubuce. Yara 30 masu tambaya sun fi 150 da ke bin bayan jagora ba sa jin abin da yake faɗi.

Horon malamai da kansu

Duk abin da na lissafa zai tsaya ranar da aka yi wa malami ɗaya canjin wurin aiki, in shi kaɗai ya iya. Bita ta kwana uku a babban zaure tana da amfaninta, kuma in hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta kira, a je. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, wadda ke nan tun 1957, ita ma a shiga. Amma na daɗe da gamsuwa cewa abin da ke sauya aji shi ne malamai su riƙa kallon darasin juna. Salon ya fito ne daga Japan, kuma ba baƙo ba ne a jiharmu: shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, da aka fara a 2006 da tallafin Japan, Kaduna tana cikin jihohi uku na farko tare da Neja da Filato. Wataƙila akwai wanda ya samu horon a makarantarku ko ta kusa, a neme shi.

Ga yadda za ku yi ba tare da jiran alawus ba. Malamai huɗu zuwa shida daga makarantu biyu ko uku da ke kusa, ku sanar da hedimastocinku da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Zama na farko ku zaɓi darasi ɗaya da yara ke faɗuwa a kansa, ku yi gwajin da hannunku, ku rubuta tsarin tare, har da amsoshin kuskure da kuke zaton yara za su bayar. Mako na gaba mutum ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe, kowa ya ɗauki rukuni guda. Idonku a kan yara, ba a kan malam ba. Ku rubuta abin da suka faɗa da bakinsu, wa ya riƙe tef, a ina suka rikice, minti nawa ya tafi a banza. Ba mai sa baki ya gyara wa yaro.

Bayan an tashi ku zauna rabin awa. Wanda ya koyar shi ke fara magana. Sauran su kawo abin da suka gani, ba hukunci ba. "Malama, a rukunin da na tsaya, uku sun fara awo daga bakin rula, ba daga sifili ba" magana ce da za a yi aiki da ita. "Darasin bai yi armashi ba" ba ta gyara komai, sai ɓata zumunci. Tunda tare kuka tsara, in ya lalace na kowa ne. Ku gyara, wani ya koyar da shi a tasa makarantar. Darasi biyu a zango ya isa. Kada a gayyato mai duba makarantu da fom ɗin maki zuwa wannan zama, in ya shigo kowa zai koma yin darasin nuni. Ɗaliban koyon malanta da ke zuwa aikin gwaji daga jami'a da kwalejin ilimi kuwa a jawo su ciki, suna rage nauyin rukunoni kuma suna tafiya da abin. Sau ɗaya a zango ku roƙi wani malamin jami'a ko ma'aikacin gona ya zo ya amsa tambayoyin da suka gagare ku, ku tara su a rubuce kafin ya zo.

A sayi babban littafi mai kauri guda, na makaranta ba na malami ba, a ajiye a ofishin hedimasta. Gaba a rubuta inuwar zawali ta kowane mako da ruwan sama na kowace rana, da sunan yaron da ya auna. Baya a manna tsarin darussan da kuka gyara, da taswirar harabar mai nuna bishiyoyi da inda sandar take. A makon farko na sabuwar shekarar karatu, 'yan ajin da suka riƙe shi su miƙa wa na bayansu, su nuna musu yadda ake karanta rula a jikin roba, sannan a buɗe sabon shafi kusa da lambobin bara don a fara kwatantawa tun daga Satumba.